Gudu ba shi ne ma'aunin kishi ba

A gidajen kallon ƙwallo na Gwadangaji da Birnin Kebbi, hukunci ɗaya ake yanke wa duk ƙungiyar da ta sassauta gudu: ko dai 'yan wasan sun ƙoshi da kuɗi, ko kuwa sun sayar da wasan. Wannan hukunci zalunci ne, kuma rashin sani ne ke ɗaure masa gindi.

Ƙwararren ɗan wasa yakan ci kilomita 10 zuwa 12 a minti 90, amma galibinsu tafiya ce da sassarfa. Gudu mai tsanani kaɗan ne, domin tsoka ba ta iya jure shi da yawa. Shi ya sa ɗan wasa ke tattalinsa kamar yadda manomin fadamar Rima ke tattalin man injin ban-ruwa da rani. Abin da ke gaya masa lokacin kashe wannan jari kuwa shi ne yawan ƙwallayen da aka ci. A 2010, Carlos Lago da abokan aikinsa sun bi sawun 'yan wasan babbar gasar Sifaniya, suka tarar gudu mai tsanani yana raguwa idan ƙungiya tana gaba, yana ƙaruwa idan tana baya. Wanda aka ci dole ya matsa, ya ƙwato ƙwallo, ya kai hari. Wanda ya ci kuwa sai ya ja baya, ya toshe hanyoyi, ya bar agogo ya yi masa aiki. Ashe sau da yawa ƙungiyar da ake yaba wa gudu tana gudun ne saboda bashi ya hau kanta.

Mai gardama zai kawo wasan birnin Benin na 13 ga Nuwamba, 2020, inda Super Eagles suka kai 4-0 a kan Saliyo, aka tashi 4-4. Gaskiya ne, sassautawa tana da haɗari. Amma ya tuna Dammam a 1989, inda Tarayyar Sobiyet ta yi wa Flying Eagles 4-0, yaranmu suka farke duka, suka yi nasara a bugun fanareti. Abu ɗaya ne ya faru a wuraren biyu: na gaba ya lafa, na baya ya zabura. Na farkon muka kira shi cin amana, na biyun muka kira shi abin al'ajabi, alhali babu wanda ya ce Sobiyet sun sayar.

Maganin lafawa yana hannun mai horarwa: ya san lokacin da ƙafafu suka yi nauyi, ya yi amfani da canjin 'yan wasa biyar da aka fara bayarwa tun 2020, ya koyar da riƙe ƙwallo maimakon fakewa a gaban raga. Can ya kamata tuhuma ta dosa.

Wannan ya fi shafar namu na gida. Yaron da ke buga wasa a filin Haliru Abdu cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, idan ya rage gudu bayan ƙungiyarsa ta ci biyu, hankali ya yi. Ce masa ya karɓi kuɗi ba tare da hujja ba ƙazafi ne, kuma tabon yakan bi shi har gida, ya toshe masa ƙofar wata ƙungiya. Mai wannan zargi ya kawo shaida, in ba shi da ita ya kame bakinsa.