Kiristanci Addinin Bature Ne? Tambayar 'Ya'yan Dabai

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a Facebook da TikTok, yanzu kuma ta sauko daga waya ta shiga majalisun samari a ƙasar Zuru: me baƙar fata yake nema a addinin da aka fake da shi aka sayar da kakanninsa? Masu yin tambayar ba baƙi ba ne. 'Ya'yan majami'a ne, a Dabai da Rikoto da Senchi aka yi musu baftisma, sun tashi a makarantar Lahadi, sun je jami'a a Sakkwato ko Zariya, sun dawo da ita a baki. Abin da ke damuna shi ne amsar da ake ba su. Wani dattijo ya ce aikin Shaiɗan ne, wani ya ce boko ne ya yi musu yawa, wani ya ce, "Ɗana, bar wannan magana, je ka yi addu'a." Yaron da aka rufe wa baki a gida kuwa zai nemi amsa a wurin wanda bai san Dabai ba, bai kuma damu da ita ba.

Ni dai na tsaya a kan cewa yaran nan suna da hujja, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da suke karantawa ba duka ne ƙarya ba. A 1452 Fafaroma Nikolas na Biyar ya ba sarkin Fotugal takardar izinin yaƙar waɗanda ba Kirista ba da bautar da su har abada, kuma jiragen Fotugal sun yi ta lodin mutane a gaɓar Afirka ta Yamma da wannan izini a hannu. Wanda ya je gidan bayi na Elmina a Gana zai ga ɗakin sujada a bene, kurkukun bayi a ƙarƙashinsa. Wata ƙungiyar bishara ta Cocin Ingila ta gaji gonakin rake a tsibirin Barbados a 1710, ta riƙe bayin da ke ciki fiye da shekara 100, har ana buga wa waɗansu tambarinta da jan ƙarfe a ƙirji. Sai a 2006 aka fito aka nemi gafara. A 1807 an buga wa bayin tsibiran Karebiyan wani Littafi Mai Tsarki na musamman a Landan, aka cire labarin yadda Musa ya fid da Bani Isra'ila daga bautar Fir'auna, aka bar ayoyin da suka umurci bawa ya bi ubangijinsa. Masu yankan nan sun san abin da suke tsoro a cikin littafin. Haka kuma aka shekara ɗaruruwa ana wa'azin wai baƙar fata la'anar Ham ɗan Nuhu ce, alhali duk wanda ya buɗe Farawa sura 9 zai ga Kan'ana aka la'anta, kuma ba a yi zancen launin fata ba ko sau ɗaya.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne labarin Samuel Ajayi Crowther, domin a ƙasarmu ya faru. An kama shi yana yaro a Osogun wajen 1821, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi daga jirgin bayi, ya yi karatu a Saliyo, ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci, ya zama bishop a 1864. Ya yi shekaru yana hawa da sauka a kogin Kwara, yana shiga fadar Sarki Masaba a Bida cikin ladabi, ana karɓarsa da mutunci. Da ya tsufa, sai ga waɗansu samarin Turawa 'yan mishan, sa'o'in jikokinsa, suka zauna a Onica a 1890 suka dakatar da fastocinsa baƙaƙe a gaban idonsa. Ya rasu a ƙarshen 1891 da wannan baƙin ciki, aka naɗa Bature a madadinsa. Ɗaya daga cikin magadan nasa, Bishop Tugwell, shi ne ya kai tawaga Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ɓata lokaci ba. To in saurayi ya karanta wannan ya ji ransa ya ɓaci, ba Shaiɗan ne ya ɓata masa rai ba.

Shiga falon wani dattijon Kirista a Dabai ka ɗaga kai. Sama da talabijin, kusa da hoton ɗansa soja cikin kaki, akwai kalandar da shekararta ta wuce tuni amma ba a sauke ba, saboda hoton da ke jikinta: mutum fari sol, gashi mai santsi ya zubo kafaɗa, hanci siriri, ido yana kallon sama. Yaro ya buɗe ido ya ga wannan, an ce masa Yesu ne. Mafi shahara cikin irin waɗannan hotuna wani Ba'amurke ne mai suna Warner Sallman ya zana shi a Chicago a 1940, aka buga ɗaruruwan miliyoyi. Ba wanda ya ɗauki hoton Almasihu. A Baitalami aka haife shi, a Nazarat ya girma, Aramiyanci yake yi da mutanensa, kuma ƙasar da aka gudu da shi yana jariri ita ce Masar. Bai taɓa taka Turai ba.

A nan ne masu cewa addinin Bature ne suke yin tuntuɓe. Wajen 340 Sarki Ezana na Aksum, a Habasha, ya karɓi Kiristanci, har ya sa aka buga gicciye a kuɗin ƙasarsa, kuɗin kuma suna nan a gidajen tarihi. Tawagar da Roma ta aika ta yi wa kakannin Ingilishi wa'azi ba ta sauka a Kent ba sai 597. Wato Habashawa sun yi shekara wajen 250 suna baftisma da azumi kafin nan. Kuma wannan labari ba sai an je ɗakin karatu ba, kowane ɗan makarantar Islamiyya a Zuru ya san shi. Da azabar Ƙuraishawa ta tsananta wajen 615, ina Annabi Muhammadu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tura sahabbansa? Habasha, wurin Najjashi, sarki baƙar fata kuma Kirista a lokacin, wanda Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya karanta wa Suratu Maryam, ya kuma ƙi miƙa su ga 'yan aiken Makka. Ba Bature ko ɗaya a cikin wannan labari.

A arewacin Sudan ta yau an yi daulolin Kirista na Nubiya tun ƙarni na 6, mafi ƙarfinsu Makuriya mai hedikwata a Dongola. Sun tare rundunar Larabawa a 652, aka ƙulla yarjejeniyar da ta kai shekara wajen 600. A shekarun 1960, kafin ruwan madatsar Aswan ya shanye wurin, masu tonon tarihi daga Poland sun tono babbar majami'ar Faras daga cikin rairayi, suka tarar da zane-zane a bango, ciki har da bishop-bishop masu baƙar fata cikin rigunan limanci. Waɗansu zanen suna Khartum, waɗansu suna Warsaw. Da ma irin waɗannan ne a kalandun Dabai.

Akwai kuma Tertuliyan na Kartaj da Agustin na Hippo, wanda aka haifa a 354 a Aljeriya ta yau, malaman da Turai kanta ta yi karatu a gabansu. Sai dai ba na cikin masu shafa musu baƙin fenti don a ci gardama. Mutanen arewacin Afirka ne, ba kamanninmu ɗaya ba. Aksum da Nubiya sun ishe mu hujja ba tare da ƙari ba.

Amma in na tsaya a nan na yi wa yaran wayo, domin ba daga Aksum bishara ta iso Dabai ba. Ta iso ne a zamanin mulkin mallaka. Bayan cin Sakkwato a 1903, Lugga, jagoran Turawan mulki, ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, saboda haka aka tsare 'yan mishan daga manyan biranen Musulmi, aka bar musu ƙasashen da Turawa suke kira na arna. Ƙasar Dakarkari, waɗanda suke kiran kansu Lelna, tana cikinsu. Ƙungiyar mishan ta UMS, wadda A. W. Banfield ɗan Kanada ya kafa wa tasha a Tsonga ta ƙasar Nufe a 1905, ta hauro Salka da Zuru a shekarun 1920. Ita ce ta zama UMCA ta yau. Katolika da sauran ɗariƙu suka biyo baya. Mutanen da suka tarar ba su daɗe da fita daga fargabar hare-haren bayi na gidan Nagwamatse daga Kwantagora ba, waɗanda suka addabi Kambari da Dukawa da Dakarkari har Turawa suka ci garin a 1901. Wanda ya zo da magani da allon karatu bai zo da igiya ba, dole a saurare shi. Wannan ma tarihi ne, kuma bidiyoyin da ake turo wa samarin nan daga Amurka ba su san da shi ba.

A nan zan ɗan ratse in yi magana da 'yan'uwanmu Musulmi, tun da a Zuru gida ɗaya kan haɗa mai zuwa masallaci da mai zuwa majami'a da mai bin addinin kakanni, su ci tuwo a akushi ɗaya. Kada a mai da wannan tambaya sandar dukan maƙwabci. Cinikin bayi ya ratsa Sahara kamar yadda ya ratsa teku, kuma zancen la'anar Ham ya shiga littattafan Larabci, har sai da Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta fatawa a 1615 yana ƙaryata cewa baƙar fata dalilin bauta ce. Kowane ɓangare yana da abin da zai duba a ɗakinsa.

Abin da na fi so matasa su lura da shi shi ne wannan: a Dabai Kiristanci bai daɗe da rigar Bature ba, rigar Hausa ya sa. Turawan 'yan kaɗan ne, kuma sun tafi. Waɗanda suka bi ƙauyuka a ƙasa da kan keke, suka koya wa mutane baƙi da wasali a gindin bishiya, 'yan ƙasa ne masu bishara, littafin da ke jakarsu kuwa Littafi Mai Tsarki ne na Hausa, wanda aka kammala a 1932 bayan dogon aikin Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa. Shi ya sa sunayenmu Bulus da Ishaya da Rifkatu, ba Turanci ba. Je majami'a ranar Lahadi ka ga zumuntar mata sun shigo a jere cikin anko, wata tana buga bakin tulu da tafin hannu, wata tana kaɗa caki, ƙasa tana amsawa. Ba wanda zai ga wannan ya ce Landan yake. Amma saurara da kyau ka ji harshen waƙar. Yawanci Hausa ce, wa'azi da Hausa, sanarwa da Hausa. Ina son Hausa, da ita nake wannan rubutu, amma yaron da ya iya addu'a da Hausa da Turanci, ya kasa yin ta da C'lela, harshen Lelna, an yi masa asarar da ba Fafaroma Nikolas ne ya jawo ta ba. Mu muka bari.

Haka batun al'ada. An yi zamanin da sabon tuba yake jin sai ya juya wa duk abin da ya gada baya, a haɗa Uhola da golmo da tsafi a ƙunshi ɗaya a jefar. Alhali golmo, inda saurayi da abokansa suke noma wa surukinsa shekara bakwai kafin a ba shi mata, yana nan a Farawa sura 29: Yakubu ya yi wa Laban aikin shekara bakwai saboda Rahila. Tsohon da ya sunkuya da garma a gonar suruki damina bakwai, hannunsa ya yi kanta, ya fi kowane farfesa na Turai gane abin da Yakubu ya ji da gari ya waye ya ga Lai'atu aka kawo masa. Uhola kuma a zuciyarta godiya ce bayan girbi da yaye samarin da suka gama golmo. Ban ce duk abin da ke cikin al'ada Kirista zai ɗauka ba. Akwai abin da imaninsa zai hana shi, kuma haƙƙinsa ne ya ƙi. Amma tantancewar aikin 'yan gida ne da suka san ma'anar kowace waƙa da kowane mataki, ba hukuncin da baƙo ya yanke shekara 100 da suka wuce bai ji harshen ba.

Saboda haka, iyayenmu fastoci da dattawan ikkilisiya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Makarantun horar da masu bishara, irin ta Tungan Magajiya, su ba Ezana da Nubiya da Crowther wuri mai faɗi a darasi, su koyar da Barbados da Elmina ba tare da ɓoye komai ba, don faston da zai tsaya gaban ɗan jami'a ya riga shi sanin abin da zai tambaya. A ware Lahadi a yi sujada da C'lela tun daga waƙar farko har albarka. Kuma a tura waɗannan samari masu tambaya, da wayoyinsu, su bi gidajen Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu su ɗauki muryar tsofaffi: wa ya fara kawo bishara ƙauyen nan, ɗan wane gida ne, me aka hana shi, me ya ƙi bari. Sunayen Turawan mishan suna rubuce a littattafan Kanada da Amurka. Na masu bisharar Lelna yawancinsu suna bakin 'ya'yansu ne kawai, 'ya'yan kuma sun manyanta. Ana iya fara wannan aiki kafin Uhola mai zuwa.