A Duba Saiwa Kafin a Ƙara Taki

Idan tumatir ya yi rawaya ya yanƙwane a fadamun Janfalan, Makarfi ko Kudan, manomi kan ƙara taki da ruwa. Sau da yawa asarar kuɗi ce, domin cutar tana cikin saiwa.

Wata tsutsa ce mai suna nematod, wadda ido ba ya gani. Nau'inta na Meloidogyne kan shiga saiwar tumatir ya cika ta da ƙulu-ƙulu, ruwa da abinci su kasa hawa. A lambun ayaba, Radopholus similis kan ruɓar da saiwa har iska ta kayar da ayabar da nononta. Lemo kuwa a hankali yake ramewa, shekara da shekaru.

Furadan da wasu ke barbaɗawa guba ne mai kashe tsuntsaye da gurɓata ruwa, kuma Tarayyar Turai ta daɗe da haramta shi. A ganina, mafita tana cikin tsabtar dashe da lafiyar ƙasa. Masu binciken IITA sun nuna cewa fere dashen ayaba a tsoma shi cikin tafasasshen ruwa na daƙiƙa 30 yana kashe tsutsar. Tunkuzar darbejiya na rage yawanta, takin gargajiya kuma na ciyar da fangas irin su Trichoderma masu afka wa ƙwayayenta.

Cibiyar binciken noma ta IAR tana nan Samaru, kusa da waɗannan garuruwa. Ya kamata malaman gona su fara da darasi ɗaya: a tuge shukar da ta rame, a duba saiwarta, sannan a buɗe aljihu.