Ra'ayinmu: Tukwanen Unguwa Na Sudan

A ranar 15 ga watan Afrilu na shekarar 2023 ne yaƙi ya ɓarke a birnin Hartum tsakanin sojojin gwamnatin Sudan a ƙarƙashin Janar Abdul Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Janar Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemeti. Mutanen nan biyu su ne suka haɗa kai suka kawar da gwamnatin riƙon ƙwarya a watan Oktoba na 2021, sa'an nan rabon iko ya raba su, talakawa kuma suka ɗauki ɗawainiyar rigimar. Bisa ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, a cikin shekara biyu na farkon yaƙin mutum fiye da miliyan goma sha biyu sun bar gidajensu, kuma tun a tsakiyar 2024 an ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 25, watau rabin jama'ar ƙasar, ba su samun abin da zai ƙosar da su.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa masanan da ke auna matsalar abinci ba su saurin furta cewa an shiga yunwa mai kisa. Sai an tabbatar da cewa gida ɗaya cikin biyar ba shi da abin sawa a baki, yara 30 cikin 100 sun rame ƙwarai, kuma a kowace rana mutum biyu cikin dubu goma suna mutuwa. An yi wannan furuci a kan Somaliya a 2011, inda daga baya aka ƙiyasta mutum kusan dubu 260 suka rasu, rabinsu yara ƙanana. An yi shi a kan wani yanki na Sudan ta Kudu a 2017. A watan Agusta na 2024 aka yi shi a kan sansanin Zamzam, kusa da birnin Fashir a Darfur ta Arewa. A watan Afrilu na 2025 dakarun RSF suka afka wa sansanin suka tarwatsa mazaunansa, shi kuwa birnin Fashir ya faɗa hannunsu a ƙarshen Oktoba na wannan shekarar, bayan sun yi masa ƙawanya wajen wata goma sha takwas. Kafin faɗuwarsa mutanen birnin sun koma cin ambaz, watau tunkuzar gyaɗa wadda a da dabbobi ake ba.

Mu da muka san farin 1973 da na 1984 mun saba ɗora laifin yunwa a kan rashin ruwan sama. Ta Sudan ta wannan karo kuwa da hannun ɗan Adam aka ƙulla ta. Ƙasar tana da gandun noman rani na Jazira, wanda aka fara shayarwa daga madatsar ruwan Sannar tun 1925, tana kuma da filayen dawa na Gadarif. Lokacin da dakarun RSF suka shiga Wad Madani a watan Disamba na 2023, an fasa rumbun Hukumar Abinci ta Duniya a jihar Jazira aka wawashe abincin da hukumar ta ce zai ciyar da mutum miliyan ɗaya da rabi har tsawon wata guda. A ɗaya ɓangaren kuma, gwamnatin soja ta rufe mashigar Adre, wadda ita ce ƙofa mafi sauƙi daga Cadi zuwa Darfur, tun daga Fabrairu har Agusta na 2024, bisa hujjar wai ta nan makamai ke shiga wa abokan gāba. Motocin abinci suka koma bin hanyar Tine, damina ta zo ta datse ta. A cikin waɗannan watanni ne yunwa ta yi kaka-gida a Zamzam. Babu ɗaya daga cikin janar-janar ɗin nan biyu da zai wanke kansa daga wannan alhaki.

Sai batun kuɗi. A watan Afrilu na 2024 manyan ƙasashe sun taru a birnin Paris sun yi alkawarin fiye da yuro miliyan dubu biyu, aka tafa, aka ɗauki hotuna. Amma alkawarin da aka yi a zauren taro yakan ɗauki watanni kafin ya zama buhun dawa, wani ma ba ya zama. Dattawan Darfur suna iya tuna yunwar 1984 zuwa 1985, lokacin da dawar agaji daga Amurka ta yawaita har mutane suka raɗa mata suna "Reagan", sunan shugaban Amurka na lokacin. Bayan shekara arba'in, a ranar 20 ga Janairu, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umurnin dakatar da taimakon da ƙasarsa ke bai wa ƙasashen waje, kuma kafin tsakiyar shekarar an rushe hukumar USAID. Kafin wannan umurni, Amurka ce ke ba da fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukkan kuɗin agajin gaggawa a duniya. Wata guda bayan haka Ingila ta ba da sanarwar za ta rage nata kason domin ta ƙara wa sojojinta. Ba mu ce ba su da ikon yin yadda suka so da dukiyarsu ba. Abin da muke cewa shi ne, zanen aro ba ya rufe katara, kuma nahiyar da ta jingina rayukan 'ya'yanta a kan sakamakon zaɓen wata ƙasa ba ta yi wa kanta tanadi ba.

To, wa ya ciyar da mutanen Hartum da Omdurman sa'ad da ofisoshin jakadanci suka kwashe mutanensu, manyan ƙungiyoyin agaji kuma suka ƙaura zuwa Port Sudan a bakin Bahar Maliya? Samari da 'yan matan unguwa ne. Tun zamanin zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Umar al-Bashir a 2019 akwai kwamitocin unguwanni a biranen Sudan. Da yaƙi ya zo sai yawancinsu suka rikiɗe suka zama abin da ake kira Ɗakunan Agajin Gaggawa. A cikinsu akwai ɗaliban jami'a, da malaman makaranta, da ma'aikatan jinya, da injiniyoyi waɗanda albashinsu ya tsaya. Sun gina aikinsu a kan wata tsohuwar al'ada da Sudaniyawa ke kira nafir, wadda ba ta da bambanci da gayyarmu ta noma ko ta ginin ɗaki, da kuma takiyya, watau ciyarwar da aka saba yi a zawiyoyin shaihunai ga baƙo da matafiyi.

Yadda suke yi ba wani abin mamaki ba ne, kuma a nan ƙarfinsa yake. A kafa babbar tukunya a farfajiyar masallaci ko makaranta, a dafa wake ko adas ko shinkafa, kowane gida ya aiko da yaro da kwano. 'Yan'uwa da ke aiki a Saudiyya ko Turai su turo kuɗi ta wayar hannu, ta manhajar Bankak ta Bankin Hartum, a sayi hatsi a kasuwar da ta fi kusa. Lokacin da aka katse hanyoyin sadarwa a watan Fabrairu na 2024, tukwane da yawa sun mutu har sai da aka samo na'urorin Starlink aka ci gaba da karɓar kuɗi ta kansu. Waɗannan matasa sun san gidan da gwauruwa take da marayu, sun san tsohon da kunya ba za ta bar shi ya fito da kwano ba, abin da babu wani jami'in da ya zo daga Janeba da zai sani. Kuma sun biya da jininsu, domin kowane ɓangare na zarginsu da yi wa ɗayan aiki; an kama wasu, an kashe wasu.

Kafin a dakatar da taimakon, wani kaso mai yawa na kuɗin da ke riƙe da tukwanen nan daga Amurka yake fitowa ta hannun wasu ƙungiyoyi. Cikin 'yan makonni da umurnin Shugaba Trump, masu gudanar da aikin suka ba da labarin cewa fiye da tukwane dubu ɗaya sun rufe. A cikin wannan shekara ta 2025 ɗin ne kuma aka ba Ɗakunan Agajin lambar girmamawa ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin. Lambar ta dace da su, amma ba a dafa ta.

A ganinmu akwai rashin adalci a yadda aka tsara harkar agaji ta duniya tun kafin wannan yankewa. A babban taron agaji da aka yi a Istambul a 2016, masu ba da kuɗi sun amince cewa kafin 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa hannun ƙungiyoyin cikin gida. Ba a ko kusanci wannan adadi ba. Hujjar da akan kawo ita ce ƙananan ƙungiyoyi ba su iya cika takardun lissafi yadda ake so. Duk ma'aikacin gwamnati ya san amfanin rasit da bin diddigin kuɗi, mu ma ba mu raina su ba. Amma idan ƙa'ida ta kai ga wanda ke tsaye a bakin murhu ƙarƙashin ruwan harsashi shi ne na ƙarshe da za a amince wa, to ƙa'idar ce ke bukatar gyara. Manyan hukumomi suna da jiragen ruwa da ayarin motoci waɗanda 'yan unguwa ba su da su, saboda haka ba a iya yi ba tare da su ba. Abin nema shi ne a raba kuɗin daidai da yadda aka raba haɗarin.

Ƙasar Cadi ma ta cancanci a ambace ta. Tana cikin matalautan ƙasashen duniya, tana riƙe da 'yan gudun hijirar Darfur wajen dubu ɗari huɗu tun rikicin 2003, duk da haka ba ta rufe iyakarta ba sa'ad da wasu ɗaruruwan dubbai suka kwararo, musamman bayan kisan gillar da aka yi wa ƙabilar Masalit a Janaina a 2023. Garin Adre ya wayi gari baƙinsa sun ninka 'yan gari sau da yawa, ana rabon rijiya ɗaya da itacen girki ɗaya.

Wani zai ce, ina ruwanmu, alhali namu gidan ma yana yoyo? Gaskiya ne yana yoyo. A watan Yuli na 2025 Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa rashin kuɗi zai tilasta mata dakatar da ciyar da mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari uku a arewa maso gabashin Nijeriya. Wannan kuwa shi ne ke nuna cewa igiya ɗaya ce ta ɗaure mu da su. Bayan haka, Sudan ba baƙuwar ƙasa ba ce a gare mu. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nil, kusa da Sannar. Kakanninmu da suka tafi aikin hajji a ƙasa sun yi shekaru suna tsintar auduga a Jazira don neman guzuri, da yawa kuma a can suka zauna, jikokinsu na jin Hausa har yau. Ɗalibanmu da Gwamnatin Tarayya ta kwaso ta Masar da Port Sudan a 2023, da yawansu daga Jami'ar Afirka ta Hartum, sun ci gishirin mutanen nan.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da ta matsa wa Tarayyar Afirka lamba a kan hukumar agaji ta nahiyar, wadda shugabanni suka yi alkawarin tara mata kuɗi a taron Malabo na 2022, ta kuma fara da biyan nata kason a bainar jama'a. Wakilanmu a Majalisar Ɗinkin Duniya su dage a kan cewa buɗe mashigar Adre da sauran hanyoyin abinci kada ya zama abin ciniki a hannun kowane janar. Hukumomin zakka na jihohi, da attajiranmu, da ƙungiyoyin ma'aikata da na ɗalibai, su kafa asusu guda, a sa dattawa amintattu a kansa, a nemi shawarar ɗaliban da suka dawo daga can game da unguwannin da tukwanensu ke aiki. Kuɗi za a aika, domin jigilar hatsi daga Maiduguri ta Gamboru da Njamena da Abeshe zuwa Adre za ta cinye abin da aka tara tun kafin buhu ya isa. Wannan jarida kuma a shirye take ta riƙa buga lissafin abin da ya shiga asusun da inda ya tafi, wata-wata.