Tambarin Jami'a Ba Kayan Tsintuwa Ba Ne

Ina godiya ga editocin wannan mujalla da suka ba ni fili in faɗi albarkacin bakina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni mutumin Gashuwa ne, da harshen Bade na tashi, Hausa kuwa a kasuwa da makaranta na same ta, saboda haka in an ga tuntuɓen alƙalami a yi mini afuwa.

A hutun da ya wuce na je Nguru gaida kawuna, wanda tela ne, kuma ya sayi keken surfani irin mai aiki da kwamfuta. Na tarar da shagon cike da riguna da huluna hana-salla da jakunkuna, kowanne ɗauke da tambarin wata makaranta. Na ce, "Kawu, wa ya ba ku izinin sa waɗannan tambura?" Ya yi dariya ya ce, "Izini kuma, ɗana? Mai kaya ya zo da hoton a wayarsa, ni kuwa na ɗinka. A wurin wa zan nema?" Na rasa amsar da zan ba shi.

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a 2013, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ta riga ta, wannan sana'a ta samu kasuwa a yankinmu. Ƙungiyoyin ɗalibai na son riguna, masu kammala karatu na son kalanda da 'yan kyaututtukan rabawa a ranar yaye su. Duk wannan alheri ne, domin tela ya samu, mai buga takardu ya samu, mai sarin yadi daga Kantin Kwari shi ma ya samu. Abin da ke damuna shi ne tambarin ya zama kamar kayan tsintuwa.

Mu da muke nazarin harshe mun san ita kanta kalmar tana da nauyi. Tambari dai ganga ce ta sarauta, ba a kaɗa ta sai don sarki, kuma ba kowa ke taɓa ta ba. Na makaranta ma haka yake, domin shi ne bisa takardar shaidar da muke shan wahalar shekara huɗu a kanta. In kowa zai iya manna shi inda ya ga dama, to mai ɗakin koyar da darussan share fagen shiga jami'a zai sa shi a allonsa, iyaye su ɗauka da yawun jami'ar yake karɓar kuɗinsu. Mai buga katin shaida na jabu shi ma da hoton nan na cikin waya yake aiki. Wani abin lura kuma, tambarin Jami'ar Bayero yana ɗauke da wani yanki na aya daga Suratu Yusuf, da rubutun Larabci. Shin ya dace irin wannan ya hau silifa, ko jakar da za a yasar a ƙasa? Wa zai hana, in babu wanda aka ɗora wa alhakin dubawa?

Doka kuwa tana nan. Dokar alamun kasuwanci ta Nijeriya tun 1965 aka yi ta, kuma ofishin rajista yana Abuja, a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki da zuba jari. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan sai a riƙa sabuntawa duk bayan shekara 14. Kaya kuma aji-aji aka kasa su, tufafi suna aji na 25, hidimar ilimi tana aji na 41, don haka sai makaranta ta yi rajista a kowane ajin da take son kariya.

A Amurka abin ya zama babbar harka. A 1981 wani tsohon kocin ƙwallo mai suna Bill Battle ya kafa kamfanin da ke ba 'yan kasuwa lasisi a madadin jami'o'i, ya fara da Jami'ar Alabama. Duk rigar da aka sayar, jami'a tana da kasonta. Sai dai su ma sun wuce gona da iri. Ita Alabama ɗin ta maka wani mai zane, Daniel Moore, a kotu a 2005 saboda yana zana 'yan wasanta cikin kayan wasansu, aka yi ta shari'a har 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta ba mai zanen gaskiya a kan zane-zanensa. Jami'ar Jihar Ohio kuwa a 2022 ta yi rajistar kalmar THE a kan tufafi, kalmar da ɗan firamare ke fara koyo a Turanci. Ni dai ba irin wannan nake nema mana ba. In aka ce za a bi telolin Nguru da Gashuwa da lauyoyi, kuɗin shari'ar ya fi ribar rigunan, kuma a ɓata tsakanin makaranta da garin da ya ba ta masauki.

Abin da nake gani shi ne kowace makaranta ta yi rajistar tambarinta, sannan ta keɓe tebur guda a ofishin kula da harkokin ɗalibai. Tela ya zo ya rubuta sunansa, ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba na shekara, a ba shi takardar izini da ainihin hoton tambarin mai launi daidai, a kuma gaya masa kayan da ba a yarda a sa shi a kai ba. Tsanani a bar shi ga masu amfani da shi don damfara. Kuɗin da aka tara a zuba a asusun tallafa wa ɗalibai marasa ƙarfi, a riƙa liƙa lissafinsa a allon sanarwa, in ba haka ba zai zama wata kafar ci ce kawai.

Mu ma ɗaliban Hausa da namu laifin. Rigar ƙungiya da muka taɓa bugawa ta dawo da tambari a miƙe kamar an ja shi da igiya, a ƙasa kuma an rubuta "Kungiyar Daliban Hausa", babu lanƙwasa ko ɗaya. Ni da na sha jan biro kafin in iya bambanta ƙafa da kafa, ranar har kunyar sa rigar na ji, amma haka muka sa ta muka ɗauki hoto. Ina roƙon shugabannin ƙungiya, kafin a buga rigar bana a kai samfurinta ga malamin ƙa'idojin rubutu ya sa hannu.

Da zan bar Nguru na gaya wa kawu wannan shawara tawa. Ya ce in har za a ba shi takarda mai hatimi da zai rataya a shago, da kansa zai shiga mota ya je Gashuwa ya karɓo, domin ita ma talla ce.