FARANTIN HASKEN RANA: INA ARAHAR TAKE?

A makon jiya wani yaro ɗan Arewa mai gyaran rediyo a Agege ya kira ni rumfarsa don ya nuna mini abin da ya ƙera. Ya sayo ƙwayoyin nan masu shuɗi-shuɗi da ke mai da hasken rana lantarki har guda 36, ya jera su bisa katako, ya haɗa su da dalma ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da gilashin taga. Da ya fitar da abin rana sai ga ƙwan lantarki ya kama. Na yaba masa ƙwarai da gaske. Amma da muka zauna muka yi lissafin kuɗin ƙwayoyi da gilashi da dalma da kwanakin da ya ɓata, sai muka tarar abin da ya kashe ya kusa sayen faranti na kamfani mai ƙarfi kamar nasa.

Ba abin mamaki ba ne hankalin mutanenmu mazauna Kurmi ya koma kan rana. Tun daga ranar 29 ga Mayu 1999 da aka koma mulkin farar hula ake yi mana alkawarin wuta, har ga shi ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, ƙaramin janareta ya zama ƙarfen ƙafa ga tela da mai shayi da mai cajin waya. A watan Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin farko zuwa Naira 225 kowane yunit. A watan Oktoba na shekarar 2024 kuwa jihohin Arewa da dama suka yi kwana da kwanaki cikin duhu, bayan an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna. Wanda ke Ikko ko Badun ko Fatakwal, damuwarsa biyu ce: rumfarsa a nan, da gidan iyayensa a can.

To, gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci. A yau harhaɗa faranti a gida daga ƙwayoyi ba ya kawo araha. Daga 2010 zuwa 2020 farashin faranti a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100, saboda manyan masana'antun ƙasar Sin suna fitar da shi jibgi-jibgi. Bugu da ƙari, kamfani yakan narka wata roba a kan ƙwayoyin cikin injin da ya zuƙe iska, ya rufe da gilashi mai tauri, yadda danshi ba shi da hanyar shiga. Shi ya sa ake ba da lamunin shekara 25. Farantin katako kuwa, laimar Kudu da gishirin iskar teku sukan ci dalmarsa tun bai ga damina biyu ba. Araha ba ta ado.

Wannan ba ya nufin yaranmu su naɗe hannu. Ɓarnar da ake yi ba a cikin farantin take ba, a wajen kafa shi take, kuma nan ne aikin hannu yake da riba.

Mu fara da zafi. Mutane da yawa suna zaton faranti zafin rana yake so, alhali haske yake so, zafi rage masa ƙarfi yake yi. Wanda aka kwantar a kan kwanon rufi da tsakar rana yakan yi hasarar fiye da kashi 10 cikin 100. Maganinsa ƙafafun ƙarfe da kowane mai walda zai iya yi, a bar tazarar taƙi guda iska tana bi ta ƙarƙashi. Kana a fuskantar da shi kudu, a ɗan karkata shi kamar digiri 10, don ruwan sama ya riƙa wanke shi. A Arewa, inda rana ta fi ta Kudu yawa amma ƙurar hunturu take rufe kome, sai a sa yaro ya riƙa goge shi da ruwa da sassafe.

Sai inuwa. Ƙwayoyin nan a jere suke kamar ayarin raƙuma, kowace tana ba da rabin bolt, wuta kuma sai ta ratsa dukkansu. In inuwar tankin ruwa ko ta tufafin shanya ta faɗa kan guda ɗaya, ta tare wa sauran hanya. Haka nan waya: siririya mai tsawo tana shanye wutar kafin ta isa ɗaki, saboda haka a nemi ta jan ƙarfe mai kauri, a gajarta ta.

Inda kuɗi ya fi salwanta shi ne batir. Na mota ba a yi shi don wannan aiki ba. Na dalma da aka yi don sola, in ana shanye shi ya wuce rabi kullum, ba zai daɗe ba. Kada kuma a haɗa faranti da batir kai tsaye ba tare da na'urar daidaita caji ba, gama ƙona batir ke nan, wani lokaci har da gobara. Mai ɗaki ɗaya ba ya ma bukatar inbata: akwai ƙwai da fanka masu aiki da bolt 12, kuma duk wutar da ta bi ta inbata sai ta bar wani abu a hanya.

Game da saye, sai an gwada akan san na ƙwarai. Akwai faranti a kasuwa da aka rubuta masa ƙarfin da bai kai ba. Kada ka biya sai an fitar da shi rana an sa mita, ka gwada da abin da ke rubuce a bayansa. In kuɗi ya gaza, ai mun gaji adashi. Rumfuna biyar a layi ɗaya za su iya haɗa hannu su kafa faranti biyu da batir mai kyau, a maimakon kowa ya sayi tarkace nasa. Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni a Sabo da Idi-Araba da Shagamu su ne ya kamata su ja gaba.

Saura hukuma. Tun 1982 akwai cibiyar binciken makamashi a jami'ar Sakkwato, hukumar NASENI kuma tana da masana'antar harhaɗa faranti a Karshi kusa da Abuja. A 2025 an ji ministan kimiyya na lokacin yana zancen hana shigo da faranti daga waje don a tallafa wa na gida. Niyyar tana da kyau, amma ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. In aka rufe ƙofa tun masana'antunmu ba su wadatar da ƙasa ba, talaka ne zai biya. Abin da muke roƙon wakilan jam'iyyarmu a majalisu su tsaya a kai shi ne: hukumar kula da ingancin kaya ta tsare tashoshin ruwa daga jabu, makarantun koyon sana'a kuma su buɗe ajin kafa sola da gyaranta, har da na dare, cikin harshen da yaranmu suke ji.

Shi kuwa yaron nan na Agege, na ce masa kada ya yar da farantinsa, gama ya koya masa abin da ba ya sayuwa. Wanda ya san cikin faranti shi ne gobe zai gyara na kamfani in ya lalace, ya kafa wa maƙwabta nasu daidai, ya koma gida da sana'a a hannu. Allah ya sa mu dace.