Kafin ka sayi ƙaton babur: abin da yashin Shagari ya koya min

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da data, mu taɓa wata na'urar da da yawanmu ke hawa kullum, wato babur. Dalili kuwa, kwanan nan matasa da dama sun turo min hotunan manyan baburan nan na yawon duniya da suke gani a TikTok da YouTube, suna tambaya ko su tara kuɗi su saya. Amsata a taƙaice: idan zirga-zirgarka tsakanin Sakkwato da Bodinga da Shagari ne da ƙauyukan da ke kewaye, kada ka sayi babban. Sayi matsakaici ko ƙarami. Ni na saya, na hau, na sayar, don haka ba labarin ji nake ba ka ba.

Ka san yadda wani zai ci bashi ya sayi waya mai tsada, alhali abin da yake yi da ita bai wuce WhatsApp da kira ba? Ranar da gilashinta ya fashe, sai a nemi mai gyara a rasa, in an samu kuma kuɗin gilashin ya isa sayen sabuwar Tecno. To haka babban babur yake, sai dai shi in ya faɗi, ba gilashi kaɗai ke fashewa ba, har da ƙafarka.

Bari mu fara da nauyi, domin shi ne abin da bidiyo ba ya nuna maka. BMW R 1250 GS Adventure, wanda shi ne sarkin irin waɗannan babura, nauyinsa da cikakken tanki kilo 268 ne, tankin kuma lita 30 yake ci. Lissafa da buhun siminti mai kilo 50: buhu biyar da ɗoriya ke nan, kafin ka ɗora akwati ko ka goya wani. Matsakaita irin su Yamaha Ténéré 700 da Honda CB500X suna wajen kilo 200. Honda CRF300 Rally kuwa kilo 150 da 'yan kai ne. Shi kuma Boxer ɗin da 'yan kabu-kabu ke hawa bai kai kilo 130 ba.

A kan kwalta ba za ka ji wannan bambancin ba. Daga Sakkwato ka bi hanyar Jega, ka wuce Bodinga, ka nufi Shagari da Tambuwal, babban babur daɗi ne da shi, wannan ba na musu. Matsalar tana farawa ne daga inda kwalta ta ƙare. Nawa ɗan Kwatano ne mai injin sama da cc 1000. Wata rana da rani na sauka daga titi zan shiga wani ƙauye a yankin Shagari wajen ta'aziyya. Ban yi nisa ba tayar gaba ta nutse cikin yashi, babur ya kwanta, ƙafata ta hagu a ƙarƙashi. Allah Ya kiyaye ban karye ba, amma na kasa ko motsa shi. Sai da wani dattijo mai amalanken shanu da yaransa biyu suka zo muka taru muka ɗaga. Muna cikin haka wani ɗan kabu-kabu ya wuce mu da buhun gero da fasinja, ko ƙafa bai sa ƙasa ba. Dattijon ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ai ba abin hawa ba ne, kaya ne." Na yi dariya a lokacin, amma maganar ta zauna min.

Daga ranar na riƙe wata ƙa'ida, kai ma ka riƙe ta: babur ɗin da ba za ka iya ɗaga shi kai kaɗai ba idan ya faɗi, ba naka ba ne. A hanyoyinmu na karkara ba kullum ake samun mai amalanke ba, kuma kowa ya san yanayin tsaro bai bar mutum ya tsaya shi kaɗai a daji yana jiran taimako har magariba ba.

Na biyu, mai. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin kowane mai abin hawa ya canza. Mu yi ƙiyasi mai sauƙi. Babban babur yana yin kamar kilomita 20 da lita ɗaya. Matsakaici mai cc 500 yana yin kamar 28. Ƙaramin da muka saba da shi yana iya yin 50. A ce kana yin kilomita 60 a rana, kwana 26 a wata, kilomita 1,560 ke nan. Babban zai sha lita 78, matsakaici lita 56, ƙarami lita 31. In muka ɗauki lita a kan naira 1,000 don sauƙin lissafi, kana maganar 78,000 da 56,000 da 31,000. Canza farashin zuwa na gidan man unguwarku, tazarar tana nan. Wannan rarar ta wata ɗaya ta isa kuɗin data da cefanen kwanaki.

Na uku, kuma shi ne ya fi shafar masu sha'awar fasaha irinmu: gyara. Babban babur na zamani kwamfuta ce mai taya biyu. Ba kafireta gare shi ba, injekta ne, akwai famfon mai a cikin tanki, akwai na'urori masu auna iska da zafi da gudun taya, dukkansu suna kai rahoto ga kwamfutar injin. In fitilar gargaɗi ta kama, sai an jona na'urar bincike kafin a san ciwon. Bakaniken da ke bakin tasha a Bodinga gwani ne, zai kwance maka Boxer ko Jincheng ya mayar kafin la'asar, amma ba shi da wannan na'urar, kuma ba laifinsa ba ne. Ni sau ɗaya na sha man 'yan bumburutu mai datti, babur ya fara shaƙewa. A ƙaramin mashin, kwance kafireta za a yi a wanke, ka biya kuɗi kaɗan ka tafi. Nawa sai da na ɗora shi a mota zuwa cikin gari, na jira kaya daga Legas kusan sati uku. Haka taya: girman tayar waɗannan babura ba a ajiye shi a shagunanmu, kuma kuɗin guda biyu sai ka riƙe baki.

Ƙara da yanayinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40. Ka tsaya a cunkoson kasuwa da injin cc 1200 tsakanin ƙafafunka, za ka gane abin da nake nufi. Lokacin hunturu kuma ƙura tana toshe matatar iska da wuri, kuma a wasu manyan baburan sai an cire robobi da yawa kafin a kai gare ta. Da damina, lakar fadama ba ta san tsadar babur ba, nauyi kawai ta sani.

Wataƙila ka ce, to ai Turawan da ke zagaya duniya manyan suke hawa. Ba duka ba, ɗan uwa. A shekarar 2004 'yan wasan Birtaniya biyu, Ewan McGregor da Charley Boorman, sun yi tafiyar da aka yi wa shirin talabijin mai suna Long Way Round a kan manyan BMW, kuma wannan shirin na cikin abin da ya sa duniya ta rikice da son irin waɗannan babura. Amma a cikin shirin, da suka isa Mongoliya babur ɗin mai ɗaukar hotonsu ya samu matsala, aka saya masa wani ƙaramin babur ƙirar Rasha, sai ga shi yana ratsa laka cikin sauƙi su kuma suna ta faɗuwa suna ɗagawa. Gasar Dakar, wadda a da take bi ta Agadas a Nijar, tun 2011 ta taƙaita injin baburan manyan 'yan tsere zuwa cc 450. Ɗan ƙasarmu Kunle Adeyanju, da ya taso daga Landan zuwa Legas a 2022 don wayar da kai kan cutar shan inna, Honda CB500X ya hau, mai cc 471, ya ratsa Sahara da shi. Ita ma baturiyar Holan ɗin nan mai tashar Itchy Boots a YouTube ta ratsa Afirka ta Yamma a kan CRF300 Rally. Hatta sunan Ténéré da Yamaha ta sa wa babur ɗinta, sunan hamadar da ke Nijar ne, maƙwabtanmu. Waɗanda suka san yashi da gaske, sauƙin nauyi suke nema.

Don adalci, babban babur yana da ranarsa. Idan aikinka tafiyar kwalta ce mai nisa, Sakkwato zuwa Kwantagora ko Abuja, da kaya da fasinja, ya fi kwanciya a hanya, iskar tirela ba ta kaɗa shi, wuce mota ba ya ba shi wahala, birkinsa mai ABS kuma yana ceton rai. Idan kana da tsawo da ƙarfin jiki, kana da kuɗin kula da shi, kana da wani abin hawan na kullum, to bismillah, ba haramun ba ne. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya sayar da fili ko ya kwashe jarin shagonsa don tafiyar da zai yi sau biyu a shekara, sauran kwana 363 kuma yana fama da kaya.

Kuma kada in ɓoye maka: shi ma matsakaicin mai cc 500 zuwa 700 injekta ne, kayansa ba a kowane shago suke ba. Sauƙinsa shi ne nauyi da shan mai da kuɗin taya da sarƙa. Ni da na sauko, mai cc 500 na koma, kuma na ji daɗinsa ƙwarai: ina juya shi a lungu, ina shiga da shi zaure, in ya kwanta ina ɗaga abina. Amma da a ce kullum cikin ƙauyuka nake, tsakanin Sifawa da Danchadi ko Kajiji da Dandin Mahe, wallahi mai cc 150 zuwa 250 zan saya in huta.

To idan ka yanke shawarar saukowa, ko kana shirin sayen na farko, ga abin da za ka yi, kuma wayarka za ta taimaka maka:

1. Auna tafiyarka ta gaskiya. Ka yi sati biyu kana rubuta kilomitan da ka yi kullum a manhajar rubutu ta wayarka, ka raba: nawa ne kwalta, nawa ne turɓaya. Google Maps zai ba ka nisan. In turɓaya ta kai kashi ɗaya cikin uku, manta da babba.

2. Auna shan mai da kanka. Cika tanki, ɗauki hoton mita, yi tafiyarka, sake cikawa, ka raba kilomitan da ka yi da litar da ka ƙara. Kada ka dogara da bakin dillali.

3. Zauna a kai kafin ka biya. Ƙafafunka biyu su taɓa ƙasa. Tura shi baya da hannu, ka juya shi a wuri mai ƙunci. In mai shi ya yarda, a kwantar da shi a hankali kan yashi ka gwada ɗagawa.

4. Nemi kayan gyara kafin ka nemi babur. Ɗauki hoton lambar taya da sarƙa da filogi da takalmin birki, ka tura wa masu sayar da kaya a Sakkwato da Kano ta WhatsApp. In mutum uku suka ce sai an yi oda, ka san abin da ke jiranka.

5. Duba takardu. Lambar jikin babur da ta injin su yi daidai da abin da ke rubuce, a yi yarjejeniyar ciniki da shaidu, ka ajiye hotunan komai a wayarka da kuma imel. A wannan zamani, babur marar takarda fitina ce a shingen jami'an tsaro.

6. In za ka sayar da babban, kada ka yi gaggawa. Masu sayensa kaɗan ne a nan, sun fi yawa a Abuja da Legas da Kano. Ɗauki hotuna masu kyau da rana, faɗi aibinsa tsakani da Allah, kuma kada ka saki makulli sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗi sun zauna. Saƙon alat na bogi ya yi yawa.

7. Kula da wayarka. A 2021 kamfanin Apple da kansa ya yi gargaɗi cewa girgizar injin manyan babura na iya lalata na'urar daidaita hoto ta kyamarar iPhone idan aka maƙala wayar a jikin babur. In dole sai ka maƙala don taswira, nemi mariƙi mai rage girgiza, ko ka sa tsohuwar waya. Ka kuma sauke taswirar yankinku tun kana gida, saboda wuraren da sabis ke ɗaukewa.

Abu na ƙarshe, rarar kuɗin da ka samu kada ta tafi a fitilu masu walƙiya da ƙaho mai kukan mota. Sayi hular kwano ta ƙwarai, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sanya hular kwano, amma har yau sai ka ga mutum a kan babur na miliyoyi da hular saƙa da silifa. Kan mutum ba shi da kayan gyara, ko a Legas.

Na san abin da ke hana da yawa saukowa: kada a ce ya karye, kada abokai su yi dariya. Ni ma an yi min. Sati biyu aka yi ana zolayata, daga nan kowa ya koma harkar gabansa, ni kuma na daina kwana da tunanin kuɗin taya. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Iyalinka ba cc suke jira ba, kai suke jira ka dawo da ƙafafunka biyu.

Wanda ya taɓa hawa babba ya sauko, ko yake ganin na yi kuskure, ya faɗa mana a ƙasa wane babur yake hawa da kilomita nawa yake yi masa da lita ɗaya, domin masu shirin saye su amfana. Ku tura wa abokin da kuka san yana tara kuɗin. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya sa mu sauka lafiya.