RA'AYINMU: Bangaskiyar Aro Ba Ta Ƙetare Kwara

Babu ranar Allah da motoci ba sa tashi daga tashar Jambutu ta Jimeta ɗauke da samari da magidanta masu zuwa Kurmi neman abin kai wa baka. Waɗansu Ikko suka nufa, waɗansu Badun, waɗansu kuwa Fatakwal ko Anaca. Cikinsu akwai Musulmi akwai Kirista, domin haka Allah ya yi ƙasar Adamawa, gida guda ma sai ka tarar wa yana zuwa masallaci, ƙane yana zuwa majami'a. Yau maganarmu da Kiristocin cikinsu take, ko da yake muna zaton 'yan'uwa Musulmi ma ba za su rasa abin tsinta a ciki ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana abu ne da kowane mazaunin Kurmi ya sani, sai dai ba a cika son faɗinsa ba. Za ka ga yaro a Jimeta ba ya fashin sujada, yana cikin ƙungiyar mawaƙa, shi ne mai jera kujeru ran Asabar da yamma. Ya zo Ikko ya yi shekara guda, sai ka tarar Lahadi ta zama ranar wanki da ramuwar barci, Littafi Mai Tsarki da uwarsa ta cusa masa cikin jaka yana nan inda ta sa shi. Wani kuma bai daina zuwa sujada ba, amma wannan mako yana wurin wannan mai annabci, mako mai zuwa yana wurin wancan, 'yan kuɗin da ya tara da gumi suna tafiya a sayen man shafawa da ruwan kwalba. To, me ya faru a hanya?

Mu a ganinmu babu abin da ya faɗi a hanya. Tun daga gida ne abin bai zama nasa ba. A Jimeta da Yola mutum ba ya bukatar wani ƙoƙari kafin a ce da shi mai bi, domin jama'a ce ke ɗauke da shi kamar yadda Binuwai ke ɗaukar kwalekwale. Uwa ce za ta tashe shi addu'ar asuba. Maƙwabci ne zai buga masa ƙofa su tafi tare. In ya yi fashi mako biyu dattijon ikilisiya zai tare shi a kasuwa ya tambaye shi ko lafiya. Matan Zumunta suna nan da ɗinkinsu iri ɗaya da tulunansu na kiɗa, ba a haihuwa ba a mutuwa sai sun hallara. Mutumin Bachama da na Kilba da na Margi da na Higi da na Chamba da na Lunguda, kowa da harshen gidansu, amma in an shiga majami'a Hausa ce ke haɗa su, da ita ake wa'azi, da ita ake waƙa. Wannan duk alheri ne, ba mu raina shi ba. Amma wanda aka goya tun yana jariri har ya yi gemu, ranar da aka sauke shi ne za a san ko ƙafarsa tana da ƙwari. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Ya kamata samarinmu su san cewa waɗanda suka kafa waɗannan ikilisiyoyi ba su tarar da taro yana jiransu ba. Likita Bronnum mutumin Danmak ya isa Numan a shekarar 1913, bayan matarsa ta rasu a hannunsa tun bai kai can ba, kuma daga wannan aiki nasa ne Ikilisiyar Lutheran ta Kristi a Nijeriya ta tsiro, wadda har ɗanta, Musa Panti Filibus, ya shugabanci tarayyar 'yan Lutheran ta duniya daga 2017 zuwa 2023. A Garkida kuma, ran 17 ga watan Maris na 1923, Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujadarsu ta farko a gindin tsamiya, inda Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta samo asali. Waɗanda suka fi burge mu ma su ne mutanen ƙasa da suka fara karɓar baftisma a waɗancan shekaru. Babu uwa mai tashinsu addu'a, babu dangi mai yaba musu, sau da yawa ma kora da gori suka samu. Abin da ya riƙe su yana tsakaninsu da Ubangijinsu ne kaɗai. Jikokinsu ne yau suke ƙorafin wai Ikko ba ta barin mutum ya yi ibada.

Kada kuma wani ya ce wannan labarin zamanin Turawa ne. Mun ga irinsa da idonmu a shekarar 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye Madagali da Michika, kana a ƙarshen watan Oktoba suka shiga Mubi, suka kama hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa da ke Kwarhi, har shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci. An ƙone majami'u, fastoci sun watse, garken ya bazu cikin duwatsu da daji. Mutane dubbai suka kwararo Yola da Jimeta da ƙafa, daga su sai tufafin jikinsu. Harabar babbar majami'ar Katolika ta Santa Tireza da ke Jimeta ta cika maƙil da 'yan gudun hijira, gidajen talakawa kuwa mai ɗaki biyu ya sauki mutum ashirin. A wannan hali babu kujera, babu ƙungiyar mawaƙa, babu dattijo mai tambayar wanda ya yi fashi. Wanda ya saba magana da Allah shi kaɗai ya ci gaba da maganarsa a gindin itace, ya kuma ƙarfafa na kusa da shi. Wanda ibadarsa duka ta ginin majami'a ce, da ginin ya ƙone sai ya rasa inda zai dafa.

Haka kuma ba a manta da Rabaran Lawan Andimi na Michika ba, wanda aka sace a farkon watan Janairu na 2020 aka kuma kashe shi a cikin watan. Duk wanda ya ga hoton bidiyon da masu tsare da shi suka fitar ya ga mutum a zaune cikin natsuwa, yana miƙa al'amarinsa ga Allah, yana kwantar wa iyalinsa hankali. Irin wannan natsuwa ba a samo ta a dare ɗaya. Tarin shekaru ne na addu'ar da babu wanda ya gani.

To, ɗan'uwa da ke gadi a Ikeja, ko tura baro a kasuwar Mil 12, ko aikin soja a barikin Ojo, halinka bai kai nasu tsanani ba, amma darasin ɗaya ne. An sauke ka daga goyo. Me za ka yi?

Abu na farko ba sai ka je nesa neman misalinsa ba. Dubi abokin zamanka Musulmi, wanda kuka hau mota ɗaya daga Jambutu. Shi ma ya baro limaminsa da masallacin unguwarsu, amma in lokaci ya yi zai ɗauki butarsa, ya shimfiɗa ko da kwali ne a gefen titi, ya ba Ubangijinsa haƙƙinsa, ko ana kallo ko ba a kallo. Dalili kuwa shi ne ibadarsa tana da lokaci sananne, ba ta jiran sai ya ji daɗin rai. Kirista da yawa sun ɗauka cewa tun da ba a yanka musu sa'o'i ba, to kowane lokaci ya yi, daga nan kuwa sai a wayi gari babu lokacin da ya yi. Alhali kuwa cikin littafinsu akwai labarin Daniyel, wanda shi ma baƙo ne a Babila, yana aikin gwamnatin da ba ta san Allahnsa ba, amma ya yanka wa kansa sau uku kowace rana, bai kuwa fasa ba ko da aka kafa doka a kai. Mai gadi yana da dare guda cur a hannunsa. Direba yana da lokacin jiran layi. Wanda ya ce bai sami minti 15 ba, a duba wayarsa a ga inda sa'o'insa suke tafiya.

Sai karatu. Tun shekarar 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa, aikin da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarsa shekara da shekaru, an kuma sake gyara fassarar daga baya. Yau ga shi a cikin waya, har da na saurare domin wanda karatu ke yi wa nauyi. Iyayenmu da yawa a ajin baftisma suka koyi baƙaƙe, ba don komai ba sai don su karanta da kansu kada wani ya karanta musu. Abin kunya ne a ce jikansu mai takardar sakandare bai taɓa karanta Bishara guda daga farko har ƙarshe ba, sai ayoyin da ake tsinto masa a allon talla. Mutum ba ya sanin abokinsa ta bakin wani. In kana so ka san halin Yesu Almasihu, ɗauki Markus, wanda ya fi sauran gajarta, sura 16 ne kacal, ka bi shi sura guda kowace rana, kafin wata ya ƙare ka gama har ka koma.

A nan ne za mu ɗan tsaya kan masu sayar da mu'ujiza, domin su ne suka fi cin kasuwa a kan baƙo. Ba mu ce duk majami'un Kurmi haka suke ba, akwai na kirki da yawa, akwai kuma irin waɗancan a Jimeta ma. Amma baƙo mai kewar gida, wanda aiki ya ƙi, ko aka kama masa babur bayan dokar hana acaɓa da gwamnatin Ikko ta tsananta a 2022, shi ne nama mai sauƙin kamu. Za a ce masa wata gwaggonsa ce a ƙauye ta ɗaure masa arziki, ya kawo kaza a kwance. Sai ka ga an raba shi da kuɗinsa an kuma raba shi da danginsa. Abin lura shi ne irin wannan ciniki yana tafiya ne a kan tunanin cewa Allah yana da ɗan ƙofa, sai an biya kafin a shiga. Koyarwar da aka yi wa kowane ɗan ajin baftisma a Adamawa kuwa, ko na Lutheran ne ko na 'Yan'uwa ko na Katolika, ita ce mai bi yana kiran Allah Uba. Wane ɗa ne ke biyan dillali kafin ya gaida ubansa? Addu'arka ta minti biyar da Hausarka ko da Marginka, ko da ba ta da ado, ita ce taka, guntun gatarinka kuwa ya fi sari ka ba ni.

Amma fa kada a fahimce mu a karkace. Kusantar Allah ba shiga ɗaki a kulle ƙofa ba ne kawai. Ana gane ta a wurin aiki da wurin ciniki: mai gadin da maigida zai yi tafiyar wata guda ya bar masa mabuɗi, ɗan aiken da ke dawo da canji daidai, magidancin da bai manta da matar da ya bari a Nasarawo ko Luggere da 'ya'ya huɗu ba don ya ga wata a Agege. Mafi wuya duka ita ce gafara. Bishop Stephen Dami Mamza na Yola, wanda ya sauki 'yan gudun hijira a 2014, da ya zo gina musu gidaje 86 a Sangere-Margi, waɗanda aka buɗe a 2021, sai ya gina majami'a ya kuma gina masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Ya sha suka daga waɗansu mutanensa, bai kuwa janye ba. Mu dai a wurinmu wannan masallaci ya fi wa'azi dubu bayyana abin da ke cikin zuciyar mutum. Ɗan Adamawa da ke kwana ɗaki ɗaya da Musulmi a Idi-Araba yana da irin wannan jarrabawa kowace safiya, a kan bokitin ruwa da kuɗin haya.

Daga ƙarshe akwai laifin da ya rataya a wuyan ikilisiyoyin gida, kuma ba za mu rufe shi ba. Ana koya wa yara haddace amsoshi domin su ci jarrabawar baftisma ko ta tabbatarwa, amma ba safai ake zaunar da su a nuna musu yadda mutum zai yi addu'a shi kaɗai, ko yadda zai karanta sura ya tambayi kansa abin da take nema daga gare shi ba. Makarantar tauhidi ta Bronnum da ke Mbamba kusa da Yola, da takwarorinta, ya kamata su sa wannan a gaba wajen horon fastoci da masu bishara. Kana kuma yaro zai tashi zuwa Kurmi babu wanda ya sani sai uwarsa. Akwai majami'u masu sujada da Hausa a Ikko da Badun da Fatakwal, na ECWA da na 'Yan'uwa da sauransu, amma baƙo yakan yi watanni bai san hanyarsu ba. Me zai hana kowace ikilisiya a Jimeta da Yola ta riƙe littafin sunayen 'ya'yanta da ke Kurmi, ta ba duk mai tafiya takardar shaida da sunan majami'ar da zai nufa, ta kuma sa dattijo guda ya riƙa kiransu a waya ko sau ɗaya a wata? Kuɗin kati ne kawai.

Watan Disamba in ya zo motocin nan za su juyo da su gida Kirsimeti, za a kuma kira su gaba a yi musu maraba, a miƙa musu takardar gudummawar rufin kwano da ta sayen janareta. Muna roƙon dattawa, kafin a miƙa takardar, a ja kowane ɗayansu gefe a tambaye shi inda yake sujada a can, da wanda yake addu'a tare da shi, da kuma surar da ya karanta a makon da ya taso.